Tsakanin allura da lauje: yadda kakar bana ta zo mana



Wannan makon layi ya zo kanmu. Da farko mun so mu roƙi a ɗaga mana zuwa Janairu, don a 'yan kwanakin nan ko barcin kirki ba ma samu. Sai kuma muka ga gara a faɗi maganar tun da zafinta. In muka bari ta huce mun san halinmu, za mu gyara labarin mu fito da kanmu fes, alhali ba haka aka yi ba.

Mu biyu ne, wa da ƙane, a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari a jihar Jigawa. Gona gadonta muka yi, ɗinkin hula ma haka. Masu riƙe allura a gidanmu huɗu ne: mu biyu, da matar babbanmu, da autarmu da ta gama sakandare bara. Da can Inna ce ta biyar, amma ido ya yi rauni, yanzu aikinta duba. Kuma ba da ido take dubawa ba. Juya hular take yi ta shafa cikinta da yatsa, in akwai inda aka ja zare fiye da ƙima ko aka ɓoye ƙulli, sai ta miƙo maka kayanka ba tare da ta ce uffan ba.

Baba, Allah ya jiƙansa, yana da doka ɗaya a kan wannan sana'a. Daga ranar da aka sa hannu a geron farko har ranar da damin dawa na ƙarshe ya shiga rumbu, ba a karɓar aikin hula mai wa'adi. Wanda ya kawo a ce masa sai bayan kaka. In ya yi fushi ya tafi, Allah raka taki gona. Muna samari mun sha jin haushin dokar nan, musamman a shekarun da Babbar Sallah ta riƙa faɗowa tsakiyar kaka. A 2010 tsakiyar Nuwamba aka yi ta, a 2011 farkon Nuwamba, a 2012 ƙarshen Oktoba. Kowa na neman sabuwar hular zuwa idi da kuɗinsa a hannu, mu kuwa muna gona muna roron wake, muna kallon ciniki yana wucewa gidan wasu. A ganinmu a lokacin, tsoho ne kawai ba ya son ci gaba.

Bana muka karya dokar, kuma da saninmu.

A watan Yuli wani Alhaji ɗan garinmu da ke kasuwanci a Kano ya kira babbanmu. Zai aurar da ɗansa a makon ƙarshe na Disamba. Kun san yadda ƙarshen shekara ya koma yanzu: makarantu sun yi hutu, ma'aikata sun samu sarari, manomi ya sayar da amfani yana da ɗan abin hannu, kowace Juma'a da Asabar ɗaurin aure ne. Anko yake so na huluna 14, ɗaya ta ango, 13 na abokansa. Zane ɗaya, launi ɗaya, ta ango ce kaɗai za a bar wa farin fili da yawa don ta fita daban. Ya ce ba ya son ta inji, aikin hannu yake so irin na gidan Baba, kuma zai turo rabin kuɗin kafin alƙalami a ranar.

Duk wanda ya taɓa noma ya san Yuli da Agusta. Rumbu ya yi ƙasa, sabo bai nuna ba, shuka na neman taki, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 hatta kuɗin motar da za ta kawo maka buhun takin sai ka yi tunani. Geronmu ya fara ɗorawa-ɗorawa a lokacin. Muka zauna a zaure muka yi lissafi a ƙasa da tsinke. Hula mai cikakken aiki irin wadda ya zaɓa tana cin mutum ɗaya kamar wata guda, in yana ba ta awa uku zuwa huɗu kullum. Mutum huɗu a wata biyar, hula 20 ke nan. Ana neman 14. Har rarar shida muka gani. Muka ce Alhaji ya turo. Washegari aka sayo yadi da zare, sauran kuɗin kaf ya tafi a yuriya da kuɗin masu maimai.

To a nan abin ya ɗaure, sai daga baya muka gane. Kuɗin allura muka zuba wa gona. Gonar kuwa, alhamdulillahi, ta karɓa ta yi kyau, kuma kyan da ta yi shi ne ya cinye lokacin allurar. Da shekara ta ƙi, da huluna sun ƙare tun Nuwamba. Ba ma fatan haka, amma gaskiyar ke nan.

Ƙarshen Agusta muna da huɗu a ƙasa maimakon shida. Ba mu damu ba. Satumba ta shigo da yankan gero, da ɗaurin dami, da jigila a amalanke. Aka ƙara biyu da ƙyar.

Abin da lissafinmu na zaure bai ƙirga ba shi ne hannu. Kwanaki muka ƙirga, muka ɗauka hannun da ya wuni da lauje shi ne zai zo da dare ya ɗauki allura kamar ba a yi komai ba. Ba haka ba ne. Yatsun da suka wuni suna damƙe da ƙota ba sa rufuwa daidai a kan allura, sai an yi rabin awa suna rawa. Tafin hannu ya yi kanta, bakin yatsu ya tsattsage, zaren siliki kuwa ba ya yafe wannan. Da ya gogi wurin da fata ta tashi sai ya tsefe, ya yi gashi-gashi, ɗinkin ya rasa sheƙinsa. Maganin tsagewar hannu man kaɗanya ne, kowa ya sani, amma hannun da aka shafa wa mai ba ya taɓa farin yadi, don tabon mai ba ya ɓuya. Sai dai ka yi ɗinkin da busasshen hannu, in ka gama wajen sha biyun dare ka shafa man ka kwanta, da asuba ka koma gona ya sake tsagewa. Ga ƙaiƙayin gero da ke bin mutum har cikin ɗaki ya manne a yadi. Ga fitilar sola da ke sa shuɗi mai duhu da kore mai duhu su zama abu ɗaya. Sau biyu autarmu tana kwance aikin dare uku saboda gari ya waye ta ga da wani zaren ta yi.

Mata ma ba hutu suke yi ba don ba su fita gona. Duk abin da ya shigo gida ta hannunsu yake bi: sussuka, sheƙa, tsinkar gyaɗa, ɓarar wake, ga girkin masu aiki. Awa huɗun da muka rubuta wa matar babbanmu a lissafi, ko ɗaya ba mu tambaye ta inda za ta samo su ba. Da bakinta ta faɗa mana wannan daga baya, kuma ba mu da amsa.

Asarar farko a riɗi muka yi ta. Wanda bai san riɗi ba, shi ba ya jiran kowa. Da ganye ya yi rawaya ya fara zuba, kwanson ƙasa ya fara sauya launi, yanka ake yi a ɗaure a tsayar da shi a wuri mai tsabta ya ƙarasa bushewa, sannan a kifa a kaɗe a kan tamfol. In aka bar shi a tsaye ya bushe a gona, kwanson da kansa yake buɗewa, iska kaɗan ta kaɗa sai ya zube, tururuwa ta kwashe rabonta. Mun ga alamar ranar Lahadi. Ƙaraminmu yana gab da ƙarasa hula ta bakwai, babbanmu kuma ya tafi gyaɗa don ƙasa ta fara tauri, in aka ƙara kwana 'ya'yan za su riƙa tsinkewa a ciki. Muka ce riɗi ya ba mu kwana biyu. Kwana biyu suka zama huɗu. Ranar da muka shiga da lauje, kana taɓa kara kana jin zubarsa kamar yayyafi a kan busasshen ganye. Gonar da muka saba samun buhu huɗu, bana uku da 'yan kwanoni ta ba mu. In aka auna abin da ya zube da ribar hula ɗaya, hular nan ta bakwai mu muka saya da kuɗinmu muka ba abokin ango kyauta.

Wake bai ba mu wahala sosai ba. An rora, an ɓare, an zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki an ɗaure, ba sai an sa masa magani ba. Harawa ce ta sa mu gudu, don in ta wuce lokaci ganyen kakkaɓewa yake yi a bar ka da igiya, kuma shanun makiyaya sun fara gangarowa. Kwana uku muka yi muna naɗi muna ɗorawa a kan bishiya da rufin ɗaki. A kwanakin nan ko zare ba a saka a allura ba.

Sai zoɓo.

Zoɓo a wajenmu ba abin sha ba ne kawai, shi ne kuɗin makarantar yara da kuɗin asibiti. 'Yan kasuwa na saye su kai Kano, daga can a fitar da shi waje, har Meziko ana shan zoɓon Jigawa. Amma aikinsa na yatsa ne. Ɗaya bayan ɗaya ake raba jan da ƙwallon gurguzun da ke ciki, ga ƙananan ƙayoyi masu sa ƙaiƙayi, kuma duk wanda ya wuni yana yi hannunsa sai ya koma kamar an sa masa lalle. A makon nan ne ƙaraminmu yake kan hular ango, don shi ne mai hannun da ya fi laushi a cikinmu, Inna ma ta amince da haka. Ya yi kusan kashi biyu cikin uku. Ran nan ya dawo daga ɓarar zoɓo, ya wanke hannu da sabulu har sau uku, ya zauna bayan isha'i ya yi awa biyu. Da safe aka ɗaga yadin a rana sai ga shatin babban yatsa, ja-ja, har wuri uku, a daidai farin filin da aka bari don hular ta fita daban. Abin da ya maƙale a ƙarƙashin farce ne gumi ya narkar.

Muka yi abin da bai kamata ba, muka sa sabulu. Jan ya koma shuɗi-shuɗi mai duhu. Aka matsa lemon tsami ya dawo ja, ya ɗan kode, amma bai tafi ba. Ko mai wankin hula ya iya rage shi, ba za mu ɗora wa ango abin da muke addu'ar kada a lura da shi ba.

Ranar mun yi faɗan da ba mu taɓa yi ba tun rasuwar Baba. Babbanmu ya ce, "Kai yaro ne? Ba ka san zoɓo ba?" Ƙaraminmu ya ce, "Yaya, kai ka ce in fito zoɓon. Na ce maka ina kan ta ango, ka ce hula ba ta ruɓewa." Daga nan aka koma kan riɗi, da wanda ya ce a jira, da wanda ya fara amsa wayar Alhaji a watan Yuli. Kowa yana da gaskiya a abin da ya faɗa, shi ya sa faɗan ya ƙi ƙarewa.

Inna tana jin mu daga ɗaki. Sai da muka gaji ta kira mu. Ba ta yi maganar dokar Baba ba, wanda mun fi jin zafin hakan a kan ta yi. Cewa ta yi, "Ku kuna ta raba rana gida biyu, safe gona, dare allura. Rana ba ta rabuwa. Ku raba hannu." Ta nuna ƙaraminmu ta ce daga yau kada ya sake taɓa zoɓo ko lauje har sai huluna sun fita daga gidan nan. Matar babbanmu da auta su ma a cire su daga ɓarar zoɓo. Babbanmu ya riƙe gona, a ɗauko masa 'yan ƙwadago. Muka ce da wane kuɗi? Ta ce riɗin da kuke ajiya kuna jiran ya yi tsada, na mene ne?

Wannan ta yi mana ciwo. Niyyarmu mu riƙe riɗin zuwa bayan hunturu, don kowa ya san a kaka kaya ya fi arha, kowa ya fito da nasa lokaci ɗaya. Ranar Alhamis muka ɗora buhu biyu zuwa kasuwar Maigatari muka sayar a farashin da muka tarar. Da kuɗin aka biya matan unguwa suka ƙarasa zoɓo, aka ɗauki samari huɗu na yankan dawa, aka sayo sabon yadi da zaren hular ango.

Akwai wani farashin kuma da ba a biya da naira. A ƙauye, ƙato lafiyayye ya zauna a gindin darbejiya da allura da hantsi, yayansa yana can cikin dawa, ba sai an faɗa muku abin da ake cewa ba. Masu wucewa da amalanke suna yi masa sannu da hutawa. Wani dattijo abokin Baba ya tsaya ya ce, "Ɗana, lafiya dai ko? Ko jikin ne?" Da ya ji bayani sai ya yi shiru, ya ce Allah ya taimaka, ya wuce. Bayan kwana uku ƙaraminmu ya koma ɗinki a cikin gida, duk da hasken bai kai na waje ba.

An ba mu shawarwari, kuma ba za mu ce ba mu saurara ba. Wani ya ce mu je Kano mu nemo na inji masu kama da zanen mu cika adadin, abokan ango ba za su gane ba, yara ne. Wataƙila ba za su gane ba ɗin. Amma uban ango a hannun Baba ya saba sayen hula, juya ta kawai zai yi. Abin da muka yarda da shi shi ne ba da biyu ga wata maƙwabciyarmu da ta iya aiki, muka zana mata, muka ba ta zarenmu. Ɗaya ta fito daidai, Inna ta shafa ta ajiye a gefen namu. Ɗayar kuwa an ja zaren da ƙarfi, yadin ya tsuke, hular da aka yanka a inci 22 ta dawo 21 da ɗan abu. A cikin abokan angon nan 13 babu mai irin wannan kan, mun sake duba takardar awo har sau biyu. Mun biya ta ladanta cikakke, don laifin namu ne da muka ba ta wa'adin da mu kanmu ba za mu iya ba.

Abu mafi nauyi shi ne kiran Alhaji. Mun yi kwana biyar muna tura wa juna waya. Babbanmu na cewa a bari a ga ko za a yi abin mamaki, ƙaraminmu na cewa in za a ji kunya gara a ji ta a farkon Disamba da a ji ta ana gobe ɗaurin aure. A ƙarshe babbanmu ya kira bayan magariba. Ya ce, "Alhaji, barka da dare. Wata magana ce ba mai daɗi ba. Huluna 12 za mu iya kawowa kafin biki, har da ta ango. Biyu sai Janairu. In ka ce a mayar da kuɗinsu, za mu mayar." Ya faɗa masa batun zoɓon ma, bai ɓoye ba.

Alhaji ya yi shiru har muka zaci layin ya yanke. Sannan ya ce bai ji daɗi ba, kuma ba zai ce ya ji ba, don ya riga ya gaya wa yaran kowa zai samu. Ya ce da mun faɗa masa tun a Yuli cewa kaka za ta shiga tsakani, da ya rage adadin ko ya raba aikin gida biyu. Ya tambayi su wa za a bari. Muka ce shi zai zaɓa. Ya ce ƙannen ango biyu na cikin lissafin, su yi haƙuri, 'yan gida ne. Kuɗin biyun kuma mu riƙe, amma zai cire wani abu a cikon. Bai faɗi nawa ba, mu ma ba mu tambaya ba. Da zai kashe wayar ya ce, "Mahaifinku bai taɓa karɓar aikina a kaka ba. Na ɗauka ku kun samo wata dabara ce."

Yau da muke wannan rubutu dawa ta shiga rumbu, an fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma. Zoɓo ya bushe yana cikin buhu. Kara yana nan a gona ba a kwaso ba, kuma dangar bayan gida ta faɗi tun Oktoba tana jiransa. Huluna goma sun gama, an haɗa samansu da gefensu, jibi za a kai su wajen mai wanki a Gumel a sa sitaci a kafa su a katako. Ta ango saura layi biyu na sama. Ta sha biyun matar babbanmu ce ke gefen, auta na saman, abin da Baba ba ya yarda a yi, amma Inna ta shafa ta ce hannun nasu ya zo ɗaya. Saura kwana 15, kuma dole su isa Kano da kwana uku a gaba.

Jiya wani ya kira yana neman huluna shida na ƙaramar Sallah, tunda a Maris za ta faɗo. Wannan rani ne, babu abin da ke jira a gona, mun karɓa. Ya ce yana da wani bikin kuma a Nuwamba mai zuwa, ko ya turo kafin alƙalami tun yanzu? Babbanmu ya dubi ƙaraminmu, ya ce wa mutumin zai kira shi. Har yanzu bai kira ba, kuma bai ce ba zai kira ba, don takin baɗi ma da kuɗi za a saye shi.

Hular da zoɓo ya taɓa kuwa ƙaraminmu ya ce zai ƙarasa ta bayan biki. Inci 22 da rabi ce, daidai kan babbanmu.